Amsa ga Hajiyar da ke son a sa samari aikin soja dole

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, tun bayan isha'i na karanta tambayarki, na ajiye waya na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Kin ce ɗanki ya ci BAC, jarrabawar gama sakandare, shekara biyu ke nan, babu aiki, ya koma zaman bakin titi da 'yan tramol, har kina ganin gara gwamnati ta kafa doka kowane saurayi ya yi soja dole, ko Allah zai sa su nutsu. Kika ce mu faɗa miki ko tunaninki daidai ne. Wallahi ban ga laifinki ba. Ni ma na taɓa faɗin wannan magana da bakina a kan babban ɗana, lokacin da ya sayar da babur ɗin da na saya masa ya yi kilando, kuɗin suka ƙare a ƙwaya. Har cewa na yi da soja za su zo su kwashe su duka a mota ɗaya, da ni zan buɗe musu ƙofa. Yau ba zan iya maimaita ta ba, kuma zan gaya miki dalili, ki yi haƙuri da tsawon zancen.

Mu da muka zauna tsakanin Mora da Kolofata a arewacin Kamaru mun riga mun ɗanɗana aikin dole, sunansa ne kawai aka canza. Kin san yadda 2015 ta kasance. Bayan kisan da Boko Haram ta yi a Fotokol a watan Fabrairu, da bama-baman Marwa na watan Yuli, na kasuwa da na Barmare da na Pont Vert, sai magana ta zo garinmu cewa kowace unguwa ta ba da maza na komite, wato 'yan sintirin gadin gari. A baki an ce na sa kai ne. Amma a ƙofar gidan lawan aka zauna ana rubuta sunaye gida gida, kuma duk wanda ya ja baya sai a fara kallonsa, ana raɗa ko yana da hannu da mutanen daji, 'yan Boko Haram. Wa zai yarda a sa masa wannan suna a wancan lokacin? Ni ina fataucin albasa, kullum ina kan hanya, sai gidanmu ya ba da ƙanena, autanmu. Tela ne, Hajiya. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, sai dai ya kira maƙwabci.

Abin da aka ba shi usur ne, da tocila, da wata riga mai walƙiya. Adda ta gidanmu ce, kwari da baka wani maharbi ya ara masa. Horon da aka yi musu yini guda ne a filin makaranta. An nuna musu yadda za su ɗaura igiya a hanyar shiga kasuwa, su tsayar da baƙo daga nesa, su ce ya ɗaga riga. Shi ke nan. Da wannan ya yi kusan shekara biyu, rana yana kan keken ɗinki, dare yana bakin gari cikin sauro da sanyi, ba albashi.

Ranar kasuwa ce a 2017, da hantsi, ana hunturu. Ina ɗora buhuna a mota, tsakanina da igiyar bai fi taku ɗari ba. Na ji usur ɗinsa sau biyu. Na san busarsa, don yana jan ta ƙarshe. Na ɗaga kai na hango shi ya miƙa hannu yana tsayar da wata yarinya, ba za ta wuce shekara goma sha uku ba, da tallan wani abu a ka. Na ji yana ce mata da Kanuri ta tsaya nan, ta tsaya nan. Bai gudu ba. Sauran sun watse, shi ya matsa ya tare tsakaninta da rumfunan mata masu sayar da kuɓewa da tattasai. Sai ƙarar. Har yau idan taya ta fashe a hanyar Mora sai in ji ƙafafuna sun saki.

Hajiya, ni na tattara shi. Da hannuna. Babu likkafani a kusa, buhunan albasa da ban cika ba na zazzage na shimfiɗa. Ban gane wane ne nasa wane ne na yarinyar ba sai da na ga tef ɗin awonsa, mai ruwan ɗorawa, wanda kullum yake rataye a wuyansa ko yana gadi. Ina tsintar ɗan'uwana ina jin warin albasa da na ƙuna, mutane sun tsaya daga nesa ana tsoron ko akwai na biyu. Wani dattijo kaɗai ya zo ya durƙusa kusa da ni yana taya ni, bai ce komai ba sai innalillahi. Mahaifiyarmu tana da rai a lokacin. Da na shiga gida ba ta tambaye ni komai ba, buhun ta kalla. Wata bakwai ta ƙara a duniya. Yarinyar ma mu muka binne ta, ba wanda ya san sunanta ko garinsu, kuma ban taɓa iya jin haushinta ba, 'yar wani ce da aka sato.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci min rai, kuma shi ya sa nake rubuta wannan. Ranar sadakar uku wani babba ya zo da motoci, ya kama hannuna, ya ce ƙanena gwarzo ne, ya ceci kasuwa guda. Ya miƙa wa matarsa ambulan, aka ɗauki hoto, ya yi alkawari a gaban jama'a cewa za a ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa huɗu. Da aka buɗe ambulan jaka 50 ce, wato sefa dubu hamsin, da buhun shinkafa biyu. Ba mu raina ba. Amma alkawarin karatun fa? Na haɗa takardu, na mutuwa, na haihuwar yara, na shaidar lawan, na manna tambur a kan kowace. Sau goma sha ɗaya na je ofishin nan, na ƙirga. Yau ya tafi taro, gobe yana Yawunde, jibi dosiye, wato fayil ɗin takardun, ta ɓata sai ka sake wata. Rannan na gan shi da idona zai shiga mota, na gaishe shi, na tuna masa sunan garinmu, ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Mutumin da ya riƙe hannuna a kan tabarmar makoki. A zuwa na ƙarshe wani akawu ya ji tausayina ya ja ni gefe ya ce, Alhaji ka daina ɓata kuɗin mota, ɗan'uwanka ba soja ba ne, ba shi da lamba, babu inda sunansa yake. Na fito na zauna a gindin dalbejiya na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da ya rasu. Na bar wannan mutum da Allah, ban yafe ba, kuma ba na ɓoye cewa ban yafe ba. Matar ƙanena yanzu ƙosai take soyawa a Marwa, yaran suna hannuna.

To ki duba, idan an kafa dokar dole gobe, 'ya'yan wa za a kwasa? Wanda ubansa ke da hali zai samo takardar likita, ko a tura shi karatu Faransa ko Kanada. Ɗanki da nawa ne za su cika motar. Kuma ba faretin ranar ƙasa na 20 ga Mayu za a kai su ba. Ƙasar nan tana yaƙi a wuri biyu, nan kan iyaka da bakin tafkin Cadi, da can yankin masu Ingilishi tun 2017. Sojan Cadi da duniya ta san su da yaƙi, waɗanda muka gani da idonmu sun tsallako Kusiri a Janairun 2015, su ma a Boma, a yankin tafkin Cadi, a watan Maris na 2020 an kashe musu kusan mutum ɗari a rana ɗaya. Waɗannan ƙwararru ne. Ina ga yaron da aka ɗauko daga bakin titi yana layi, ransa ba ya so?

Na san masu cewa ai wasu ƙasashe suna yi. Gaskiya ne. Maroko ta dawo da shi a 2019, wata 12, ga masu shekara 19 zuwa 25. Amma Faransa da muka gaji tsarin sojanmu daga gare ta, ita da kanta ta dakatar da shi a zamanin Jacques Chirac, na ƙarshe suka fita a 2001, don ta ga yaƙin zamani na mai sana'ar soja ne. A Eritiriya an ce wata 18, sai ya zama ba ranar sallama, shi ya sa samarinsu ke ratsa Sudan da Libiya suna mutuwa a teku. Ni abin da ya fi tsorata ni irin na Burkina Faso ne, inda tun 2020 ake ba farar hula horon mako biyu da bindiga. Na san abin da gajeren horo yake haifarwa, na tattara shi a buhu.

Kuma mu ba ƙarancin masu so muke da shi ba. Duk ranar da aka buɗe kankur na ɗaukar soja, ki je ki ga dubban yaran da ke cika fili a Marwa da Garwa, wasu a nan suke kwana, ana ɗaukar kaɗan a sallami sauran. Ƙasar da ba ta iya ɗaukar masu roƙo, da me za ta ciyar da na dole, ta ɗinka musu kaki, ta yi musu magani? Kuma bayan shekara ɗaya ko biyu a sallamo su sun iya bindiga, aiki babu, su dawo bakin titin nan dai. Masu tare hanya da satar mutane a Mayo Rey da Adamawa ba su ishe mu ba?

Ba ina zagin aikin soja ba ne, Allah ya sani. Ba don yaran BIR, rundunar soja ta musamman, da suka tsaya a Kolofata da Amcide ba, da yanzu wani zancen ake. Ɗan maƙwabcina ya shiga da ƙafarsa, yau shi ke riƙe da gidansu, ya gina wa uwarsa ɗaki. Amma shi ya so, ya yi gudu watanni yana shiri, yana da lamba, idan ya faɗi akwai inda sunansa yake. Idan gwamnati na son gyara samari, akwai hukumar bautar ƙasa ta farar hula da ake da ita a takarda, a raya ta mana. Najeriya tun 1973 zamanin Gowon take tura masu digiri bautar ƙasa shekara guda, da yawansu koyarwa suke yi. Makarantu nawa ne a Mayo Sava da Mayo Canaga malami ɗaya ke riƙe da aji uku? Ɗanki mai BAC zai iya koyar da yara karatu. Wannan dolen zan sa mata hannu. Ta bindiga kuwa, sai ranar da na ga ɗan minista a layi ɗaya da ɗan mai ƙosai, kuma na ga an biya matan waɗanda suka riga suka mutu.

Wani abu kuma, tun da na ji zuciyarki ta karkata can: don Allah kada ki ba kowa kuɗi da sunan zai sa ɗanki a jerin waɗanda aka ɗauka. Ni an ci nawa, jaka 350, wani mai shiga ofis ofis ya karɓa a kan babban ɗana, na sayar da saniya da ɗan maraƙinta. Jeri ya fito babu sunansa, mutumin ya canza lamba. Kuma ko ta hanyar gaskiya ce, akwai gwajin likita da gudu, mai shan tramol ba zai kai ko'ina ba. Ki fara da ƙwayar tukuna. Kada ki kulle shi a ɗaki ki ce ya bari rana ɗaya, nawa da muka yi masa haka sai da ya yi ta karkarwa da zufa, jiki na ciwo, bai yi kwana uku ba ya fasa taga. Likita ne ya rage masa a hankali. Ki kai shi asibiti, ki faɗi gaskiyar abin da yake sha da yawansa, ba abin kunya ba ne, rabin gidajen unguwa suna ciki. Ki nemi kawunsa ko wani namiji da yake jin nauyinsa, don akwai maganar da yaro ba zai yi da uwa ba. Ki duba takardar haihuwarsa ma tana nan lafiya, shekaru suna tafiya, ɗaukar soja tana da iyakar shekaru, idan ya warke ya ce da kansa yana so, sai ki sa masa albarka. Kuma ki daina zaginsa a gaban ƙannensa, ni na yi, na ga abin da ya jawo.

Nawa ba soja ne ya gyara shi ba. Hanya ce. Na sa shi a motar albasa, Marwa zuwa Ngaundare, wani lokaci har Duwala, yana lodi yana saukewa, ya gaji ya kwanta kamar gawa. Shekara ɗaya da rabi muka yi muna faɗuwa muna tashi. Yanzu yana da mata da 'ya ɗaya, Alhamdulillahi.

Babban ɗan marigayin yanzu ya kai sha bakwai. Watan jiya ya same ni bayan magariba ya ce, Baba, in na cika sha takwas soja nake so. Na ce ya je zan neme shi. Har yau ban neme shi ba, tef ɗin ubansa yana cikin akwatina, ban san ko in nuna masa ba. Ku sa mu a addu'a.

Hajiya, in a Marwa kuke, ki yi min magana ta gefe. Ranar Litinin muna lodi, ina neman yaro mai karatu da zai riƙa rubuta min lissafin buhuna. Ki turo shi da sassafe, kada ki gaya masa ni na san labarinsa.