Tambaya da Amsa: Python ta ƙi lissafa mini farashin masara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Samaru. Na tattara farashin buhun masara na wata shida daga kasuwannin Sabon Gari, Tudun Wada da Giwa a Excel. Da na zuba su cikin Python don in fitar da matsakaicin farashi, sai ta riƙa nuna kuskure. RAM ɗin kwamfutata 4GB ne. Ko ƙarfi ne ya yi mata kaɗan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, kwamfutarki ba ta da laifi. Layi dubu biyu ko uku ba ya gagarar 4GB.

Abin da muka fi zargi waƙafi ne. Idan Excel na nuna 45,000, haka zai adana shi a fayil ɗin CSV (fayil ɗin rubutu zalla da kike zubawa cikin Python), pandas kuwa, wato kayan aikin Python da ke karanta tebur, sai ta ɗauke shi rubutu, ba lamba ba. Buga df.dtypes ki duba (df shi ne sunan teburinki a cikin pandas). In kika ga object ko str a gaban farashi maimakon int64 ko float64, to, nan gizo ke saƙa. Ki sake buɗe fayil ɗin haka: pd.read_csv("masara.csv", thousands=",").

In har yanzu ta ƙi, akwai gurbin da aka sa alamar naira, ko aka rubuta "babu" ranar da ba a je kasuwa ba. Gurbi ɗaya tak ya isa ya mai da duk jerin rubutu. Ki fara cire alamar da waƙafin da str.replace, sannan ki yi pd.to_numeric da errors="coerce". Ki kiyaye wannan tsari, domin in kika fara da na biyun, duk farashin da ke da waƙafi zai koma NaN, wato fanko. Daga nan ki ƙirga su da isna().sum(). Wannan ƙirgar dole ce: mean(), mai fitar da matsakaici, tsallake fanko take yi shiru, ta ba ki amsa kamar komai lafiya, alhali wataƙila rabin farashin Giwa bai shiga ba.

Sai sunayen kasuwa. A wurin kwamfuta, "Sabon Gari", "sabon gari" da "S/Gari" kasuwanni uku ne. value_counts() zai tona su. Ki daidaita su kafin ki yi df.groupby("kasuwa")["farashi"].mean().

Kwanan wata ma na da tarko. Mu 03/04 uku ga Afrilu muke nufi, pandas kuwa tsarin Amurka take bi, ta karanta huɗu ga Maris. Ki sa dayfirst=True a cikin pd.to_datetime, in ba haka ba farashin wani wata zai faɗa cikin na wani.

In akwai ƙ, ɗ ko ɓ a rubutunki, ki zaɓi "CSV UTF-8" lokacin adanawa, don kada su koma alamar tambaya. Ki kuma ajiye ainihin fayil ɗin gefe, ki riƙa aiki da kwafi.