Za mu gasar kurket a Kigali: mu karɓi katin rigakafin zazzaɓin shawara ba tare da allura ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ne sakataren wata ƙungiyar kurket ta abokai a Garwa ta ƙasar Kamaru, akasarinmu malaman makaranta ne da 'yan kasuwa, muna buga wasa ranar Lahadi da yamma don nishaɗi kawai. An gayyace mu gasar sada zumunta a Kigali, babban birnin Ruwanda, saura mako uku, kuma an ce sai da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Wani dillali ya ce zai kawo mana katunan da hatimi, ba sai an yi wa kowa allura ba. Masu jefa ƙwallonmu suna tsoron allurar ta kashe musu hannu, wasu sun ce sun riga sun yi shawara suna yara, babbanmu kuma yana da shekara 63 da ciwon sukari. Hankalina bai kwanta ba, amma jama'a sun fi karkata ga dillalin. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Rashin kwanciyar hankalinka yana da hujja, kuma kada ku ba wannan mutumin ko dala. Lokaci bai ƙure muku ba: katin yana fara aiki ne kwana goma bayan allura, saboda haka idan kuka je a wannan makon, za ku sauka Kigali da kati na gaskiya da sauran kwanaki a hannu.

Maganar hannu ba ta da wuya. Abin da aka saba gani shi ne ɗan tsami a wurin da aka soka, wasu kuma su ji ciwon kai ko zazzaɓi mai sauƙi na 'yan kwanaki, sannan ya wuce. Mai jefa ƙwallo da dama ya miƙa damtsen hagu, mai jefawa da hagu ya miƙa na dama. Yin ta da wuri ma shi ne zai sa duk wata kasala ta wuce tun kafin ranar wasa.

Abin da ya fi damuna shi ne tunanin da ke bayan tayin dillalin, domin kusan kullum sai na gamu da shi: mutane sun ɗauka wannan katin takardar tsallake jami'in filin jirgi ce, kamar rasidin kwastan, wadda in an nuna an wuce shi ke nan. Ruwanda ba don ta wahalar da ku take tambayarsa ba. Kamaru tana cikin ƙasashen da cutar ke yawo a cikinsu, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton samun masu cutar a ƙasashe tara na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Kamaru da Chadi da Najeriya. Sauron da ke ɗauke da ita da rana yake cizo, yana hayayyafa a randa da tsohuwar taya da duk wani mazubi da ruwa ya kwanta a ciki, kuma cutar kan yi kwana uku zuwa shida a jiki kafin ta bayyana. Ke nan mutum yana iya hawa jirgi a Duwala garau, ya sauka da ita a jininsa, sauron can ya cije shi ya kai wa wani. An ga haka a zahiri: annobar da ta ɓarke a Luwanda ta Angola a ƙarshen 2015 ta tsallaka Kongo mai babban birni a Kinshasa, ma'aikata goma sha ɗaya kuma suka koma ƙasar Sin da ita a 2016, har allurar ta yi ƙaranci a duniya, aka koma ba mutanen Kinshasa kashi ɗaya cikin biyar na adadin da aka saba.

Cutar kanta ba ta da maganin da ke kashe ta. Yawancin waɗanda suka kamu sukan yi zazzaɓi su warware, amma wasu, bayan sun ji sauƙi na yini ɗaya har an fara yi musu barka, sai zazzaɓin ya dawo, ido ya yi rawaya, hanta da ƙoda su gaza, jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi, amai ya yi baƙi. Cikin waɗanda suka kai wannan mataki, kusan rabi sukan rasu cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma duk abin da muke iya yi a asibiti shi ne ƙarin ruwa da ƙarin jini da addu'a. Dillalin da ke zaune a bakin tasha da hatimi a aljihu bai taɓa tsayawa a kan irin wannan gadon ba.

Ga kuma ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Tun ranar 11 ga Yuli 2016, allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, katin kuma ba ya ƙarewa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ƙaryar tana iya bin mutum shekara ashirin. Mai katin bogi yakan manta yadda ya same shi, idan ma'aikatan rigakafi suka zo unguwa ya ce shi an riga an yi masa, ranar da kuma aka kawo shi asibiti da zazzaɓi da rawayar ido, iyalinsa su miƙa mana katin da zuciya ɗaya. Likita ya ga hatimi da lambar kwalbar allurar, sai ya kawar da zazzaɓin shawara daga lissafinsa, ya bi zazzaɓin cizon sauro ko ciwon hanta, ba a ɗauki jini an tura gwaji ba, ba a sa masa gidan sauro don kare mutanen gida ba, ba a kuma sanar da hukuma ba. Wannan ne ya sa ba na kallon sana'ar nan a matsayin 'yar dabarar neman abinci. Cin amana ne, kuma wanda ya saya yana da nasa kason na alhaki, balle shugaban tafiya da ya tara kuɗin mutane ya saya musu.

Ban wanke ofisoshinmu ba. Na san ana zuwa a ce mai sa hannu bai zo ba, ko a ce a dawo ranar kaza, kuma irin wannan jan rai ne ke tura jama'a hannun 'yan damfara. Sai dai wani ɓangare na jinkirin yana da dalili: kwalbar allurar takan ɗauki ta mutane da yawa, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta dole a yi amfani da ita cikin awa shida ko a zubar, shi ya sa ake jiran mutane su taru. Ku da kuke ƙungiya guda, wannan ribarku ce. Ka je da kanka cibiyar gwaje-gwajen lafiya ta Centre Pasteur da ke Garwa ko ofishin lafiya na yanki, ka tambayi cibiyar da aka amince ta ba da katin ƙasa da ƙasa, ka faɗi adadinku, a tsayar muku da rana. Idan aka kama katin bogi a can, dokar lafiya ta duniya ta ba jami'ansu damar killace mutum har kwana shida, kuma gasar ƙarshen mako ba za ta jira ku ba.

Masu cewa sun yi shawara suna yara, a yi musu allurar. Rawayar ido tana zuwa daga ciwon hanta, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sikila, kuma sassaƙen da aka jiƙa musu a lokacin ba shaida ba ne na abin da ya same su. Matasan cikinku kuwa su binciki katin awonsu na jarirai, domin tun 2004 Kamaru ta sa wannan allura cikin rigakafin yara 'yan wata tara. Wanda ya same ta a rubuce ya tafi da shi cibiyar. Mai tsohon kati na gaskiya da aka rubuta masa wa'adin shekara goma, katinsa yana nan da ƙarfinsa.

Babbanku shi ne wanda nake so likita ya zauna da shi. Ciwon sukari shi kaɗai ba ya hana allurar, amma wanda ya haura sittin kuma bai taɓa yin ta ba yana da ɗan ƙarin haɗarin mummunan tasiri, ko da yake abu ne da ba a cika gani ba. Za a tambaye shi ko ƙwai yana tayar masa da borin jini mai tsanani, ko yana shan maganin ciwon daji ko wani mai raunana garkuwar jiki. Idan aka ga bai dace ba, akwai takardar uzuri ta halal da likita ke rubutawa, sai dai ƙasar da za a shiga ba dole ba ne ta karɓa, don haka ku aika wa masu shirya gasar kwafinta tun yanzu su tambayar muku.

Tunda za ku haɗu a asibiti, a auna hawan jinin duk wanda ya wuce arba'in. Kigali tana kan tudu mai kusan mita 1,500, wanda ya saba da kwarin Binuwai zai ji numfashinsa ya gajarta a gudun farko, kuma wasanni a jere ba ɗaya suke da na Lahadi ba. Idan a filin Gahanga za ku buga, wanda aka buɗe a 2017, ciyawa ce, ƙwallon zai tashi ba yadda kuka saba a kan siminti ba. Nauyinsa kusan giram 160 ne, shi ne ya kashe ɗan wasan Ostireliya Phillip Hughes a 2014 da ya same shi a wuya, saboda haka kada mai bugu ko ɗaya ya shiga fili babu hular kwano. Ku yi inshorar tafiya da ta ambaci wasanni.

Kafin ku bar cibiyar, ka duba kowane kati da idonka: sunan ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, akwai kwanan wata, da sunan kamfanin allurar, da lambar kwalba, da sa hannu, da hatimi. Kowa ya ɗauki hotonsa a waya, ya sa shi cikin fasfo, kada ya jefa shi a jakar sanduna da za a auna a kai cikin jirgi, domin tun kafin a kai wurin ɗaukar kaya ake tambayarsa, kuma ranar dawowa ma za a neme shi a Duwala.