Tambaya da Amsa: Hukuma ta ce allon shagona ya wuce ƙa'ida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kama hayar shago a wani rukunin shaguna a wani ƙaramin gari na jihar New York, ina sayar da kayan abincin gida da naman halal. Faɗin gaban shagon ƙafa 20 ne, kuma tsakanin ƙofata da titi akwai filin ajiye motoci mai tsawon ƙafa 300. Mai yin allo ya zana mini wanda tsawonsa ƙafa 16, tsayinsa ƙafa 3. Ofishin gine-gine na garin ya hana ni izini, wai murabba'in ƙafa 30 kawai doka ta ba ni. An ce in nemi sassauci, wato izini na musamman na wuce ƙa'idar. Ta ina zan fara?

*Wani ɗan kasuwa, jihar New York*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Idan ba a riga an ƙera allon ba, ka tsayar da mai aikin yau ɗin nan. Allo mai haruffa masu wuta ba a rage masa tsawo bayan an gama shi, sai dai a sake sabo.

Ga yadda aka samo 30 ɗin nan. Garuruwa da yawa a Amurka suna ɗaure girman allo da faɗin gaban shago, murabba'in ƙafa ɗaya zuwa biyu a kan kowace ƙafa. Naka garin ɗaya da rabi ya bayar. Zanenka kuwa 48 ne, wato ka ɗara ƙa'ida da kashi 60 cikin ɗari, kuma wannan ba ƙaramin ƙari ba ne a idon masu yanke hukunci. Amma fara duba yadda dokar take auna allo. Wasu garuruwan duk fuskar allon suke aunawa, wasu kuma ƙaramin murabba'in da ya kewaye haruffan kaɗai. Idan naku na biyun ne, cire bangon allon a manna haruffa ɗaiɗai a jikin gini zai iya sauko da kai kusa da ƙa'ida ba tare da ka je gaban kowa ba.

Sai mai ginin. Ka buɗe yarjejeniyar hayarka, domin yawancin rukunan shaguna suna da nasu sharuɗɗan allo: launi, tsayin harafi, irin wuta. Wasu ma suna da tsarin alluna na bai ɗaya da hukuma ta amince da shi tun lokacin gini. Sassauci a kan fili ake ba da shi, ba a kan ɗan haya ba, don haka sai mai ginin ya sa hannu ko ya ba ka izini a rubuce. In bai yarda ba, magana ta ƙare a nan.

Takardar ƙin amincewar da aka ba ka, ka adana ta, ita ce tikitin shigarka. Da ita za ka ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin da ake kira Zoning Board of Appeals, kuma a dokar garuruwan jiharku kwana 60 gare ka daga ranar da aka shigar da hukuncin a rajistar ofis. Za a buga sanarwar zama a jarida aƙalla kwana 5 kafin ranar, maƙwabta su zo su faɗi albarkacin bakinsu, sannan kwamiti yana da kwana 62 bayan rufe zaman ya yanke hukunci. Idan ginin yana cikin ƙafa 500 da titin jiha ko na gunduma, sai an aika wa ofishin tsare-tsare na gundumar, shi ma yana da kwana 30. Saboda haka ka sa a ranka watanni ne, ba makonni ba, ka nemi izinin rataya kyallen talla na wucin gadi kafin nan.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi faɗuwa. Mutum ya tsaya gaban kwamiti ya ce ciniki ya yi ƙasa, haya ta yi tsada, yana da iyali. Gaskiya ce, amma ba ita aka ɗora musu su auna ba. Sashe na 267-b na dokar garuruwan New York ya ba su abubuwa biyar: ko allon zai ɓata kamannin unguwa, ko akwai wata hanyar da za ta biya buƙata ba tare da sassauci ba, ko ƙarin da ake nema mai yawa ne, ko zai cutar da muhalli, da kuma ko mai nema ne ya jawo wa kansa matsalar. Na ƙarshen ba ya kashe buƙata shi kaɗai, amma wanda ya kafa allo tukuna sannan ya zo neman afuwa ya shiga da ƙafar hagu. Dokar ta kuma ce mafi ƙarancin sassaucin da zai wadatar za su bayar.

Hujjarka tana cikin filin, ba cikin aljihunka ba. Ƙafa 300 ɗin nan ita ce jarinka, musamman idan shagonka yana lungu, ko bishiyoyi ko ginin banki da ke bakin titi sun tare shi. Ka tsaya inda direba yake fara hango ginin, daga hannun dama da na hagu, ka ɗauki hoto da rana da dare. Mai yin allon ya ɗora zanen 30 da na wanda kake nema a kan hoton, a gani ƙiri-ƙiri. Masu wannan sana'a suna lissafin cewa inci ɗaya na tsayin harafi ana karanta shi daga nisan ƙafa 30 iyaka, don haka daga titi harafin da bai kai inci 10 ba ɓata kuɗi ne, kuma mai tuƙi yana buƙatar fiye da haka. Ka haɗa da taswirar filin, da ma'aunin allunan maƙwabtanka, da wasiƙar goyon baya daga biyu ko uku cikinsu.

Shawararmu, ka rage magana a kan allon. Ƙafa 15 a kan ƙafa 2 yana ɗaukar haruffa kusan 12 masu tsayin inci 18. Sunan shagon da kalmar halal sun isa. Lambar waya da jerin kaya su koma jikin ƙofa. Idan har sai ka nemi ƙari, nemi 36, kashi 20 ke nan, ka kuma yi tayin kashe wutar allon bayan an tashi. Ka tambayi mai ginin ko akwai gurbi a dogon allon bakin titi da ke ɗauke da sunayen shaguna, domin sau da yawa ya fi babban allon bango jawo mai wucewa, kuma kwamiti zai tambaye ka ko ka gwada.

In an ba ka, da sauran aiki: izinin kafawa da na lantarki daban suke, kuma a wurare da dama sassaucin yana mutuwa idan ba a fara aiki cikin wa'adi ba. In an hana ka, kwana 30 ne kacal na zuwa kotun jiha, kuma kotu ba ta cika taɓa hukuncin da ke da dalili a rubuce ba.

Tambaya: Ina da shagon ɗinki da kayan mata a Amurka. Ina so in sa sunan shagon da rubutun ajami a allo. Za a iya hana ni?

*Wata mai karatu*

Amsa: Hajiya, hukumar gari tana da ikon ƙayyade girma, tsayi, haske da wurin kafawa. Abin da aka rubuta kuwa, hannunta a ɗaure yake sosai. A 2015, a shari'ar Reed da garin Gilbert na jihar Arizona, Kotun Ƙolin Amurka ta rushe dokar da ke bambanta alluna bisa saƙon da ke jikinsu. Tun 1989 ma wata kotun tarayya a Kalifoniya ta soke dokar birnin Pomona da ta tilasta wa masu rubutun wasu harsuna su ba da rabin allonsu ga haruffan Turanci. Idan jami'i ya ce rubutun ne matsala, ki nemi ya ba ki a rubuce da lambar sashen dokar, ki kai wa lauya. Sai dai ajamin yana cikin lissafin girman allo kamar kowane rubutu, kuma mai ginin yarjejeniyar haya ce tsakaninku, don haka ki nuna masa zanen kafin ki biya kafin alƙalami.