Wace kalimba zan saya, kuma da gaske tana sauke hawan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da hawan jini, kuma barci yana yi mini wuya. Ina so in sayi kalimba in riƙa kaɗawa da daddare ko hankalina ya kwanta, amma ban taɓa koyon kiɗa ba, ina tsoron in saya ta gagare ni. Wani mai sayarwa a Facebook ya ce in ɗauki wadda aka saita a 432, wai tana sauke jini har mutum ya huta da shan ƙwaya. Kuɗinta ya ninka na sauran. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Batun gagara ki cire shi daga ranki. Kalimba, wato ɗan katako mai jerin siraran harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da yatsu, tana cikin kayan kiɗa mafi sauƙin hannu, manyan yatsu biyu kawai take buƙata da ɗan farce.

Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai harsuna 17, an saita ta a C (wato sautin do na do-re-mi), dogon harshe a tsakiya, sautukan suna hawa dama da hagu bi da bi. Wannan tsarin ya samo asali daga aikin Hugh Tracey, Baturen da ya fara ƙera kalimba don sayarwa a Afirka ta Kudu a shekarun 1950, bayan ya daɗe yana nazarin mbira, abin kiɗan gargajiya mai kama da kalimba na mutanen Shona na Zimbabuwe. Tana da kyau ga mai son kaɗa waƙoƙin da ya sani. Ke kuwa abin da kike nema shi ne ki saki yatsu su yi yawo ba tare da tunani ba, don haka na fi so miki mai harsuna 8 zuwa 10 wadda aka saita a kan sautuka biyar. A irin wannan saiti babu harsuna biyu da za su yi faɗa da juna, duk inda yatsa ya faɗa daɗi zai fito, kuma kunnen Bahaushe ya saba da shi tun daga waƙar daka. In mai 17 kaɗai kika samu, ki liƙa 'yar takarda a kan duk harshen da aka rubuta wa 4 da 7, ki riƙa tsallake su. Kin sami sautuka biyar ɗinki.

Don kiɗan dare ki ɗauki ta katako ɗaya shimfiɗaɗɗe. Muryarta a ƙasa take, kuma sautin yana jimawa kafin ya mutu. Mai akwati da rami ta fi ƙara, amma ita hunturu ya fi tsagawa. Kafin ki biya, ki taɓa gajerun harsunan da ke can gefe biyu. In kin ji "tak" kamar an ƙwanƙwasa cokali, ki ajiye ta. Mai kyau ko ƙaramin harshenta ringi yake yi.

Yanzu mu zo ga 432, domin nan ne raina yake ɓaci, kuma kusan kullum sai an kawo mini wannan maganar. Lambar tana nufin sautin A, wanda ake daidaita sauran sautuka da shi, yana karkarwa sau 432 a daƙiƙa ɗaya, maimakon 440 da hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta tsayar a 1975. Bambancin 8 ne kacal, kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin mi da fa, sautuka biyu makusanta a jerin do-re-mi. Mafi yawan mutane in aka kaɗa musu ɗaya yau, ɗaya gobe, ba za su rarrabe ba. Masu tallar suna cewa wai lambar halitta ce. Wace halitta? Ita daƙiƙar da ake ƙirgawa da ita mutane ne suka yanka ta. Makaɗan mbira a Zimbabuwe sun yi ƙarnuka suna kaɗa tasu mai harsuna 22 zuwa 28 a cikin ƙwarya, kowane gida da irin saitinsa, ba su jira 432 ba.

Sannan abin da ya ninka miki kuɗi a kansa, ke da kanki za ki iya yi. Kusan kowace kalimba tana zuwa da 'yar guduma. Ki sauke manhajar saita sauti a waya, ki mayar da ita 432, ki bubbuga kowane harshe a hankali daga sama ya ƙara tsawo kaɗan, sautin ya sauka. Shi ke nan sirrin da yake sayarwa.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kalmar "ya huta da shan ƙwaya". Hawan jini ciwo ne da ke tafiya shiru. Mutum zai ji garau, ya yi barci mai daɗi bayan ya kaɗa kalimbarsa, ya ɗauka ya warke, alhali jinin yana can sama yana cin ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. A ranar mai tallar ba zai zo asibiti ba, wataƙila ma ya canja sunan shafinsa. Mutumin da bai taɓa auna jininki ba, bai san sunan maganin da kike sha ba, da wane baki zai ce ki ajiye shi? Ni malamin kiɗa ne, kiɗa ne abincina, kuma ina gaya miki babu saitin da ke maye gurbin magani. Kiɗa mai taushi yana kwantar da hankali, yana sassauta numfashi, yana raba hannu da waya kafin kwanciya. Wannan amfani ne na gaske, kuma kalimbar 440 tana bayar da shi daidai da ta 432.

Ki ci gaba da shan maganinki yadda likita ya rubuta, ki kuma gaya masa batun rashin barcin, domin wani lokaci yana da dalilin da sai an bincika. Kalimbar kuwa ki sayi ta talakawa, ki riƙa goge harsunan da busasshen ƙyalle bayan kin gama saboda tsatsar damina, kada kuma ki bar ta cikin mota a rana.