Hukuncin Darduma Ko Tufa Mai Ɗauke da Alamar Swastika

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara ilimi. An ba ni kyautar darduma, sai na lura da wani zane a gefenta, layi biyu sun gitta juna, kowane baki ya lanƙwashe. Wani ya ce tambarin Hitler ne, wani ya ce na masu bautar gumaka ne. Sallolin da na yi a kanta sun inganta? Kuma in jefar da ita?

AMSA: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, duka biyun sun faɗi gaskiya, amma kowa rabi ya faɗa.

Wannan zane, da ake kira swastika, ya girmi Hitler da dubban shekaru. An tono shi a jikin hatimai a tsoffin biranen Mohenjo-daro da Harappa, a Pakistan ta yau, masu shekaru sama da 4,000. Mabiya addinin Hindu suna zana shi a ƙofar gida da littafin ciniki lokacin bikin Diwali don neman sa'a. Mabiya addinin Buda da na Jain suna girmama shi, har taswirar Japan da shi take nuna wurin ibadar Buda. Ana ganinsa a tukwanen tsoffin Girkawa, da ma'aunin zinariya na mutanen Akan a Gana, da adon tubali na wasu tsoffin masallatan Iran, inda magina ba su nufi komai da shi ba sai ƙawa. Sai a 1920 jam'iyyar Hitler, wato Nazi, ta ɗauke shi, bisa ƙaryar fifikon jinsin Ariya, wato jinsin da suka riya Jamusawa sun fito daga gare shi, a 1935 ya zama tutar Jamus. A ƙarƙashinta aka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, da 'yan ƙabilar Roma (waɗanda ake kira Gypsy) da naƙasassu. Yau dokar Jamus tana hukunta mai nuna shi a bainar jama'a.

To, zane shi kaɗai layi ne, ba shi da hukunci. Asalin abubuwa halacci ne, hukunci kuwa yana bin manufa da abin da mutane suka san alama da shi.

Wanda ya rataya shi don ya jawo masa arziki ko ya kare shi, ya faɗa cikin shirka, saboda hadisin Uƙba ɗan Amir da Imam Ahmad ya ruwaito cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka. Wanda ya sa shi a wuya ko a riga alhali ya san alama ce ta wani addini, haramun ne ko da bai ƙudurce komai ba. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ce Annabi (SAW) ba ya barin wani abu mai siffar gicciye a gidansa sai ya warware shi. Buhari ne ya ruwaito. Dalilin shi ne kasancewar gicciye alamar bauta, kuma wannan dalili yana nan a wannan zane.

Bari in tsaya kan samarinmu da ke liƙa wannan tambari a Facebook don fushin abin da ake yi wa Falasɗinawa. Wannan jahilci ne. Aƙidar Nazi ta sa baƙar fata da Balarabe a ƙasa, Annabinmu kuwa ya ce babu fifikon fari a kan baƙi sai da taƙawa. Allah ya ce a Suratu Hud, aya ta 113, kada ku karkata ga waɗanda suka yi zalunci. Zaluncin wani ba ya wanke Hitler.

Dardumarka kuma, sallolinka sun inganta, babu ramuwa. Annabi (SAW) ya yi salla da mayafi mai zane, ya ce ya shagaltar da shi, ya aika da shi ga sahabi Abu Jahm, bai sake sallar ba. Idan zanen ya saje cikin saƙar ado, sai an ƙura ido ake gane shi, babu laifi ka ci gaba da amfani da ita, ko da yake tunda ya fara ɗauke maka hankali, sauya ta ya fi. Idan kuwa ya fito ɓaro-ɓaro shi kaɗai, ka ɗinke wurin da ƙyalle ko ka warware zaren. Jefar da ita ɓarnar dukiya ce.

Idan ka ga alamar a ƙofar maƙwabci mai bin addinin Hindu, kada ka kira shi ɗan Nazi, kada ka zagi abin bautarsa. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana.

Wallahu a'alam.