Amsa kan karatun kasuwanci a ƙaramar kwaleji a Amurka

Malam, ka tambaya ko ya dace ɗanka ya karanta kasuwanci a ɗaya daga cikin ƙananan kwalejojin Amurka masu koyar da ilimi fanni-fanni. Abu na farko shi ne ku duba ko kwalejin tana da sashen kasuwanci, domin fitattu irin su Amherst da Williams, waɗanda ɗaliban kowacce ba su wuce kimanin 2,000 ba, ba su ba da digiri a kasuwanci, sai dai a tattalin arziki. Bucknell da Washington and Lee kuwa suna da makarantun kasuwanci nasu.

A ganina ribar tana cikin ƙanƙantar aji, inda malami zai san yaro da suna, ya zauna da shi a ofis ya gyara masa rubutu layi-layi, kuma wannan shaƙuwar ce ke haifar da wasiƙar shaida mai nauyi. Matsalar ita ce da yawa daga cikin kwalejojin suna ƙauye, nesa da manyan kamfanoni, saboda haka sai ya tashi tsaye wajen neman aikin koyon sana'a a hutun bazara. Idan kuwa akanta yake son zama, ku tabbatar suna koyar da darussan akanta da yawa kafin ku biya kuɗin rajista.