Amsa: lambar kwandon saye a htmx

Tambayarka a kan htmx, laburaren JavaScript mai sabunta sassan shafin yanar gizo, ita ce: in mai saye ya danna "ƙara" a layin kaya, layin yana sabuntawa, amma lambar da ke kan kwando a saman shafi tana nan yadda take. To, ba sai ka sake loda shafin duka ba. Bari sabar ta dawo da abu biyu a amsa ɗaya: sabon layin, sai kuma ɗan guntun lambar mai id ɗin da yake da shi a shafi, ka sa masa hx-swap-oob="true". Da kansa htmx zai nemo id ɗin ya musanya shi, ko da yana can nesa da inda aka danna.

Sai dai ka kula da tebur. Ni na ɓata yamma guda a kan wannan: guntun da nake turowa tr ne, wato layin tebur a HTML, na jimillar kuɗi, burauza kuwa ba ta yarda da tr a wajen table, sai ta zubar da shi shiru, ko kuskure ɗaya babu. Da na naɗe shi cikin alamar template ta HTML, nan take ya yi aiki. In wuraren da za a sabunta sun kai huɗu ko biyar, ni dai na fi son HX-Trigger, wato sanarwar da sabar ke haɗawa da amsarta cewa an yi canji, sai kowane sashe ya ɗauko nasa.